Filin Tambayoyinku: Shin Chelsea Ce Ta Ɓata Mikel Obi?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan mutum ɗaya suke, wato John Mikel Obi, ɗan wasan tsakiyar nan haifaffen Jos da ya shekara goma da rabi a Chelsea, ya kuma yi wa Super Eagles kyaftin. Mun tsamo waɗanda suka fi maimaituwa, mun haɗe masu kama da juna.

Daga wani mai karatu a Bukuru: Assalamu alaikum. Muna gardama a majalisarmu. Ni na ce Mikel a Turai ya tashi, abokina ya ce a nan Jos ya koyi ƙwallo. Sannan sunan nan Mikel, na wane yare ne?

Wa alaikumus salam. Malam, abokinka ya ci gardamar. An haifi Mikel a Jos ranar 22 ga Afrilu, 1987. Iyayensa Ibo ne, mahaifinsa kuma harkar sufuri yake yi a garin. Ya bi ta makarantar koyon ƙwallo ta Pepsi, sannan Plateau United, kafin a kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta je gasar duniya a Finland a 2003. Sunan kuwa kuskuren rubutu ne. Michael ne, amma da aka zo yi masa rajistar waccan gasa sai aka rubuta Mikel, shi kuma ya ga sunan ya yi masa, ya bar shi a haka.

Daga wani ɗan Manchester United a Kano: Na taɓa ganin hoton Mikel riƙe da rigarmu yana murmushi. To ya aka yi ya ƙare a Chelsea? Kuma me ya sa aka ce Chelsea ta biya United kuɗi alhali bai taɓa buga mana wasa ba?

Hoton gaskiya ne, kuɗin ma gaskiya ne. Sai dai kafin ka fahimci rigimar, sai ka san wata doka ta FIFA, sashe na 19 na dokar cinikin 'yan wasa. Dokar ta hana a ɗauki yaron da bai cika shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a 'yan wurare ƙalilan: idan iyayensa sun ƙaura saboda dalilin da ba ƙwallo ba, ko yana zaune kusa da iyaka bai wuce kilomita 50 ba, ko kuma cinikin tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ne ga mai shekara 16 zuwa 18. Yaro daga Jos ba ya cikin ko ɗaya. A Ingila kuma a wancan lokacin akwai wani shingen, takardar izinin aiki, wadda ba a ba ɗan wasan da bai yi wa babbar tawagar ƙasarsa wasanni da yawa ba sai da kyar. Shi ya sa a wancan zamanin ake ajiye irin waɗannan yara a ƙananan ƙasashen Turai har su nuna.

Mikel ya sauka a Lyn, wata ƙungiya a Oslo, babban birnin Norway. Ya cika 18 ranar 22 ga Afrilu, 2005. Bayan mako ɗaya cif, ranar 29 ga wata, United ta sanar cewa ta ƙulla ciniki da Lyn, yaron ya sa hannu, zai zo a Janairun 2006. Nan Chelsea ta ce ba ta san zancen ba, ita ce ke da yarjejeniya da shi da wakilansa tun kafin ya je Norway. Ba a jima ba aka nemi Mikel a Oslo aka rasa, sai ga shi a Landan yana cewa matsa masa aka yi ya sa hannu ba tare da wakilansa ba, shi Chelsea yake so. Magana ta kai gaban FIFA, aka shafe fiye da shekara ana ja-in-ja. A Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, miliyan 12 ga United, miliyan 4 ga Lyn. United ba ta sayar da ɗan wasan da ya buga mata ba, ta sayar da takardar da ke hannunta ne.

Tun da akwai iyaye da masu ƙananan ƙungiyoyi cikin masu karanta mu, bari mu tsaya a nan kaɗan. Abin da ke haddasa irin wannan rikici guda uku ne. Na farko, alkawarin baki ko yarjejeniyar ɓoye da aka yi tun yaro bai kai munzali ba, wani ya ɗauki nauyin cinsa da makarantarsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu, sa hannu a takarda ba tare da lauya ko wakili mai lasisi ya karanta ta ba. Na uku, rashin rajista. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, amma ƙungiyar da ba ta yi wa yaro rajista da hukumar ƙwallo ba, sunanta ba zai fito a tarihin wasansa ba, ko sisi ba za ta gani ba. Shi kansa Mikel rigimar ta ci masa kusan shekara guda ba ya buga wa ƙungiya wasa a kai a kai, a daidai shekarun da ƙafar yaro ke buƙatar fili.

Daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Zariya: Kullum maganar da ake yi a wurina ita ce Mourinho ya kashe Mikel. A 2005 shi ne na biyu bayan Messi, amma ya ƙare yana fasin baya da na gefe. Ƙwallo shida kacal a shekara goma! Ku gaya mana gaskiya.

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, don haka za mu daɗe a kanta.

Abin da mutanenka suka tuna daidai ne. A gasar duniya ta matasa da aka yi a Holan a 2005, kocin Najeriya Samson Siasia ya ba Mikel ragamar wasa, Sani Kaita na bayansa yana share masa hanya. Najeriya ta kai wasan ƙarshe, Ajantina ta doke ta 2-1 a Utrecht, Messi ya ci duka biyun da fenariti. Aka ba Messi kyautar zinare, Mikel azurfa, Taye Taiwo tagulla. Alƙaluman Chelsea ma daidai ne: wasa 372, ƙwallo 6, kuma ɗaya ce tak a gasar Firimiya, wadda ya ci Fulham a Satumban 2013, bayan shekara bakwai da zuwansa.

To amma dubi tsakiyar da ya tarar a 2006. Frank Lampard na nan, mutumin da ya zo ya zama wanda ya fi kowa ci wa Chelsea ƙwallo a tarihi, 211. Michael Essien na nan da ƙarfinsa. Michael Ballack, kyaftin ɗin Jamus, ya iso a wannan bazarar. Wa za a zaunar a benci don yaro ɗan shekara 19 ya buga lamba goma? Gurbi ɗaya ne ake ganin zai buɗe, na Claude Makelele, wanda ya haura 33 a lokacin. Mourinho, kocin Chelsea na lokacin, ya duba abin da yaron ke da shi: tsawo kusan mita 1.88, faɗin ƙirji, natsuwa, da ƙafar da ba ta zubar da ƙwallo idan an matse shi. Ya ga magajin Makelele. Da Makelele ya tafi Paris Saint-Germain a 2008, gurbin ya zama na Mikel.

Yanzu mene ne aikin lamba shida a tsarin 4-3-3 irin na Chelsea ta lokacin? Wurin zamansa gaban 'yan baya biyu na tsakiya ne, tazarar kamar mita goma zuwa goma sha biyar. Idan ƙungiyarsa ba ta da ƙwallo, aikinsa na farko ba ƙwace ba ne, toshe hanya ne. Yana tsayawa a kan layin da ke tsakanin mai ƙwallo da ɗan gaban abokan karawa, ta yadda fasin ba zai ratsa ta tsakiya ba, dole a kai shi gefe inda haɗari ya ragu. Idan Ashley Cole ya hau gaba ta hagu, shi ne zai gusa ya rufe ramin da aka bari. Idan Lampard ya kutsa cikin da'irar gola, shi ne zai tsaya shi kaɗai yana jiran harin ramuwa. Idan ƙungiyarsa ce da ƙwallo, yana zuwa ya karɓa daga John Terry, sau da yawa bayansa na kallon ragar abokan karawa, mutum na manne da shi, ya kare ta da jiki, ya miƙa wa wanda ke fuskantar gaba. Wannan fasin da ake yi wa dariya a gidan kallo, shi ne abin da aka ɗauke shi ya yi. Duk ƙwallon da lamba shida ya zubar a wannan wuri, 'yan baya biyu ne kawai suka rage tsakanin abokan karawa da gola.

Kuma bai shiga aikin da sauƙi ba. Wasansa na farko da aka fara da shi a Firimiya, a gidan Reading a Oktoban 2006, jan kati ya samu bayan katin gargaɗi biyu. Wasan nan ne da Petr Cech ya fashe a kai, Carlo Cudicini ma ya suma, har Terry ya sa safar hannu ya tsaya a raga. A Fabrairun 2007 aka sake korarsa a wasan ƙarshe na kofin League da Arsenal a Cardiff, bayan hatsaniyar da ta tashi tsakaninsa da Kolo Toure. Dalilin katunan farkon nan a bayyane yake: wanda ya saba a ba shi ƙwallo bai san lokacin shiga ƙwace ba, yana isa a makare, ƙafa ta sami mutum maimakon ƙwallo. Da shekaru suka ja sai ya koyi tsayawa a kan ƙafafunsa, ya rage zubewa ƙasa.

Hukuncinmu shi ne, ba a kashe shi ba, sauya masa sana'a aka yi, kuma sauyin ya zo da riba da asara. Ribar: kofin Firimiya biyu, 2010 da 2015, Kofin Zakarun Turai na 2012, kofin Europa na 2013, kuma sau huɗu Chelsea ta ɗauki kofin FA yana ƙungiyar. Masu horarwa suka yi ta zuwa suna tafiya, Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, kowanne ya tarar da shi ya yi amfani da shi. Asarar kuma ba za mu ɓoye ta ba. Akwai wasannin da Chelsea ke danne ƙaramar ƙungiya, babu wani haɗari a baya, amma sai ka ga Mikel ya taka ƙwallo, ya juya, ya ƙara taɓawa, har 'yan bayan can su koma wurarensu. Taka-tsantsan ya zame masa jiki har a inda ba a buƙatarsa. Masu sukarsa a kan wannan suna da hujja. Inda ba su da ita shi ne kwatanta shi da Messi, don kyautar gasar matasa ba ta nuna inda mutum zai ƙare. Mikel bai taɓa zama mai gudu ko mai yanke mutum uku a jere ba, ko a 2005 ɗin ma ganinsa da fasinsa ne suka burge mutane.

Daga wata mai karatu a Kaduna: Yayana ya ce wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2012 shi ne mafi kyawun wasan Mikel. Ni na kalla, Drogba kawai na gani. Me ya yi a ranar?

Hajiya, ba laifinki ba ne, kyamara ƙwallo take bi, shi kuwa aikinsa a inda ƙwallo ba ta iso ba yake. An buga wasan ranar 19 ga Mayu, 2012, a Munich, a filin Bayern kanta. Chelsea ta shigo babu Terry, babu Ivanovic, babu Ramires, babu Meireles, duk an dakatar da su. Gary Cahill da David Luiz da suka tsaya a baya daga jinya suka dawo. Roberto Di Matteo ya ajiye Mikel da Lampard a gabansu, ya ce a bar wa Bayern ƙwallo.

Idan kin samu damar sake kallo, ki bar ƙwallon, ki sa ido a kan riga mai lamba 12. Arjen Robben na dama amma da ƙafar hagu yake wasa, Franck Ribery na hagu amma ɗan dama ne, kowannensu so yake ya karkato ciki ya buga. Thomas Muller kuma yana laɓe a bayan Mario Gomez. Wurin da dukkansu ke nema shi ne ɗan filin nan da ke bakin da'irar gola, kuma nan Mikel ya kafa sansani. Za ki ga Robben ya karkato, Cole na biye da shi, sai Mikel ya matso taku uku ko huɗu ya rufe ƙofar ciki, dole bugun ya fito daga nesa ko ya bugi ƙafar wani. Ƙwallon ta dawo, bai wanke ta sama ba, ya sa jiki ya kare, a ture shi alƙali ya busa, 'yan baya su samu numfashi. Haka ya yi minti 120. Bayern ta samu bugun kusurwa 20, Chelsea guda ɗaya, kuma ita Juan Mata ya ɗauko Drogba ya sa kai a minti na 88, bayan Muller ya ci a na 83. Cech ya kama fenaritin Robben a ƙarin lokaci, aka je bugun fenariti Chelsea ta ci 4-3. Kafin Mikel, 'yan Najeriyar da suka ɗaga wannan kofi su ne Finidi George da Nwankwo Kanu, tare da Ajax a 1995.

Daga wani malamin makaranta a Bauchi: Me ya sa Mikel na Super Eagles ya bambanta da na Chelsea? Kuma gaskiya ne zuwa Olamfik ne ya raba shi da Chelsea?

Malam, aikin da aka ba shi ne ya bambanta. A Najeriya lamba 10 yake sawa, kuma babu Lampard a gabansa. Tun gasar Afirka ta 2006 a Masar ya nuna haka: ya shigo daga benci a wasa da Zimbabwe, ya ba da fasin aka ci, shi ma ya ci tasa. Bai je gasar duniya ta 2010 ba saboda rauni. Ƙwallayensa shida ne a wasa kusan 90, daidai da adadin da ya ci wa Chelsea a wasa 372.

Lokacin da ya fi dacewa da tawagar shi ne gasar Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, kuma dalilin na tsari ne. Koci Stephen Keshi ya haɗa shi da Ogenyi Onazi, mai gudu da cizo, da Sunday Mba a gabansu. Onazi ya ɗauke masa zirga-zirga, shi kuma ya tsaya yana raba ƙwallo daga ƙasa, wato bai zama lamba shida zalla ba, bai kuma zama lamba goma zalla ba. Farkon gasar bai yi armashi ba, kunnen doki da Burkina Faso, kunnen doki da Zambiya inda shi Mikel ɗin ya ɓarar da fenariti. Amma a wasan Kwaddebuwa, gaban Yaya Toure, ya riƙe tsakiya aka ci 2-1, sannan Mali 4-1, sannan Burkina Faso 1-0 ranar 10 ga Fabrairu da ƙwallon Mba. Kofi na uku ke nan ga Najeriya bayan 1980 da 1994. A wannan shekarar ya ci Uruguay a gasar zakarun nahiyoyi a Birazil, ya kuma zo na biyu bayan Yaya Toure a zaɓen gwarzon Afirka. Don ka ga muhimmancin abokin tafiya, dubi wasan Faransa a gasar duniya ta 2014: ana canjaras aka fitar da Onazi da rauni, daga nan tsakiyar ta saki, aka sha 2-0.

Koci Gernot Rohr ya tura shi gaba sosai a wasannin neman zuwa gasar duniya ta 2018 a Rasha, ya ci Aljeriya, ya ci Kamaru a Uyo. Amma a gasar kanta, a wasan farko da Kuroshiya, Luka Modric da Ivan Rakitic suka nuna cewa mai shekara 31 da ya shekara goma yana wasa daga ƙasa ba zai iya karɓar ƙwallo a matsi yana juyawa da sauri ba. Aka sha 2-0. Da Rohr ya dawo da shi ƙasa a wasan Iceland ya sauya tsari zuwa 'yan baya uku, sai tawagar ta miƙe, Ahmed Musa ya ci biyu. A ganinmu wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa lamba goma ce asalin wurinsa har ƙarshe. A wasan Ajantina na ranar 26 ga Yuni, wanda Marcos Rojo ya ci ƙwallon da ta fitar da Najeriya a minti na 86, 'yan sa'o'i kafin a take wasa aka gaya masa an sace mahaifinsa, karo na biyu ke nan bayan na 2011 da aka gano shi a Kano. Bai gaya wa koci ko 'yan wasa ba sai da aka kuɓutar da dattijon bayan kwanaki.

Batun Olamfik kuwa, ga yadda dokar take. Dole ƙungiya ta saki ɗan wasa idan gasar na cikin jadawalin FIFA, kamar gasar Afirka da ta duniya. Olamfik ba ta ciki, gasar 'yan ƙasa da 23 ce da ake yarda a ƙara manya uku, don haka sai ƙungiya ta ga dama. Mikel ya zaɓi ya tafi Rio a 2016 a daidai lokacin da sabon koci, Antonio Conte, ke gwada 'yan wasansa kafin kaka. Tafiyar ma ba ta zo da daɗi ba: tawagar ta maƙale a Atlanta, ta sauka Manaus 'yan sa'o'i kafin wasan Japan, amma ta ci 5-4. Mikel ya ci Denmark, Jamus ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Honduras 3-2 da ƙwallayen Sadiq Umar biyu da ta Aminu Umar. Tagullar nan ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a Rio. Da ya koma Landan bai buga wa Conte ko wasa ɗaya ba. Sai dai kada a ɗora komai a kan Rio. A wannan bazarar Chelsea ta sayo N'Golo Kante daga Leicester, Conte kuma ya koma tsarin 3-4-3 mai 'yan tsakiya biyu kacal, Kante da Nemanja Matic, tsarin da ke son masu gudu daga da'ira zuwa da'ira. Ko da bai je Rio ba, wurin mai zama gaban 'yan baya ya riga ya ƙuntata.

Daga wani mai horar da yara a Damagaram: Ina da yaro ɗan shekara 14, dogo, mai natsuwa, ina so in mayar da shi lamba shida. Da me zan fara?

Koci, fara da wuyansa kafin ƙafarsa. Kafin ƙwallo ta iso shi, ya waiwaya hagu da dama aƙalla sau biyu. Hanyar koyarwa mai sauƙi: ka tsaya a bayansa ka ɗaga yatsu, wani ya turo masa ƙwallo, dole ya faɗi adadin yatsun kafin ya taɓa ta. Minti goma a kowane atisaye ya isa. Na biyu tsayuwa. Kada ya karɓi ƙwallo ƙirjinsa na fuskantar mai ba shi kai tsaye, ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon gaba, ya karɓa da ƙafar da ta fi nisa da mai fasin, ta yadda taɓawar farko za ta buɗe masa fili. Yaran da ke zubar da ƙwallo a wannan wuri yawanci ba ƙafarsu ce matsala ba, a rufe suke karɓa, sai sun ƙara taɓawa biyu kafin su juya, kafin nan an iso su.

Sai ka shata fili mita 10 da 10, mutum huɗu a gefe, shi a tsakiya, biyu na neman ƙwacewa, taɓawa biyu kawai. A filin ƙasa mai tsalle-tsalle ka ba su uku har su saba. Don kare ƙwallo, ka haɗa shi da wanda ya fi shi ƙarfi a ɗan fili, daƙiƙa 20 zuwa 30, gwiwa a lanƙwashe, jiki tsakanin mutum da ƙwallo, hannu a buɗe don jin inda abokin karawa yake, ba don turawa ba. A tsaro kuma ka hana shi zubewa ƙasa sai ya tabbata. Idan ya zube ya kuskure, babu kowa a bayansa. Ya rage gudu idan ya kusanci mai ƙwallo, ya karkatar da shi gefe, ya jira ƙwallon ta ɗan rabu da ƙafa.

Abu ɗaya da za mu roƙe ka, kuma daga labarin Mikel muka ɗauko shi: kada ka kulle shi a wurin tun yana 14. Ka ƙa'ide masa cewa duk fasin baya biyu sai na uku ya ratsa gaba, ko da zai lalace, kuma a wasu wasannin ka tura shi lamba takwas ya shiga da'ira ya buga. Taka-tsantsan ana koyonsa a shekara 20, amma ƙarfin halin tura ƙwallo tsakanin mutum biyu, idan aka kashe shi da tsawa tun yaro na ƙarami, da wuya ya dawo.

Daga wani mai karatu a Kumasi: Ina ya je bayan Chelsea, kuma yaushe ya ajiye takalmi?

A Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA a ƙasar Sin, ya yi kaka biyu. A Janairun 2019 ya koma Ingila, Middlesbrough, a rukuni na biyu, ƙarƙashin Tony Pulis. Bayan gasar Afirka ta 2019 a Masar, inda Najeriya ta zo ta uku, ya yi sallama da Super Eagles da zinare ɗaya da tagulla uku, na 2006, 2010 da 2019. Daga nan Trabzonspor ta Turkiyya, wadda ya rabu da ita a Maris ɗin 2020 bayan ya fito fili ya ce bai kamata a ci gaba da wasa ana tsakiyar annobar korona ba. Sai Stoke City na kaka ɗaya, sannan 'yan watanni a Kuwait a 2021. Ya sanar da ritayarsa a Satumban 2022 yana da shekara 35.